Na ce ba ta da kowa, alhali tana bayan danga tana ji

Daga admin: wani ɗan uwa ne ya turo wanga saƙo, ya roƙi a sakaya sunanshi. A yi sharhi da hankali.

Assalamu alaikum jama'ar wanga gida, barkanmu da damina. Don Allah ku ba ni shawara, amma ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, zagin na san zan sha shi kuma na cancanta, kawai dai in kun zaga ku haɗa mini da mafita. Sunayen da zan ambata duk na canza su, ƙauyen ma ba zan faɗi sunanshi ba.

Ni magini ne a Filinge, maso kamar yadda ake ce muna, shekarata talatin da takwas, ina da mata ɗaya da ƴaƴa huɗu. Ni ne ɗan fari wurin mahaifiyata. Ana yaye ni anka kai ni gidan ƙanen babana nan cikin gari, matarshi Hajiya ita ta rene ni, har gobe duk Filinge ɗan Hajiya ake ce mini, abokaina da munka yi lakkwal, wato makarantar boko, tare da yawansu ba su san ba ita ta haife ni ba, ni kuma ban taɓa ganin dalilin yin bayani ba. Babana ya rasu ina ƙarami, Inna ta sake aure wani ƙauye nan cikin Kurfai, tafiyar da ba ta kai awa guda a babur ba. Can ta haifi ƙannena mata biyu, babbar ita ce Hadiza wadda ke aure nan cikin ƙauyen, daga baya wancan mijin shi ma Allah ya yi mishi rasuwa, ya bar mata gida mai ɗaki ɗaya da rumfar girki.

Inna irin matan da ce masu alkunya ta gaske. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko wani ta gamu da shi mai irin sunana sai dai ta ce mai sunan wancan. In na je gaishe ta, juya mini baya take yi ta kama wani aiki, ta amsa gaisuwar kamar da bango take magana, in tana son sanin ko na ci abinci sai ta ce ma Hadiza, ki tambayi mutumin can. In mata na lissafin ƴaƴa ita daga Hadiza take farawa. Ina yaro abin na ci mini rai, da na girma na gane haka iyayenmu ke yi ma ɗan fari, kuma duk kaka sai ta aiko da damen hatsi da wake da gujiya ta ce a kai ma Hajiya, kowa ya san don wa anka aiko.

To ga laifina na farko. Shekara huɗu ke nan Hadiza na kirana tana cewa Yaya ɗakin Inna fa gara ta cinye azara, rufin ya lotsa, ruwa na zuba mata bisa gado. Kullum amsata ɗaya ce, in sha Allahu bayan sallah, bayan sallah kuma sai in ce bari a gama girbi. Ba wai ba ni da hali ba ne, wallahi aikin kwana biyu ne a hannuna, kawai dai sakaci ne da son jiki, kuma ita ba ta taɓa buɗa baki ta roƙe ni ba, sai na mai da shirunta kamar babu gaggawa. Har zuwa gaisuwar ma na rage, don kada in ga ɗakin in ji nauyi. Hadiza ta taɓa ce mini inuwar giginya, na yi fushi na kwana biyu ban ɗauki wayarta ba.

Dalilin da ya sa ta faɗi haka, muna da wata ƙungiya. Shekara uku da sunka wuce ruwa ya kada ɗakuna da yawa cikin gari, muna zaune fada, wato majalisarmu ta hira, muna shan shayi munka ce ai zaman banza ne muna da magina da kafintoci da masu walda cikinmu tsofaffi na kwana a waje. Daga nan munka fara, duk ƙarshen rani kafin ruwa shi sauka, kowace Asabar mu zaɓi gidan wani mai rauni mu je mu yi mishi yaɓe ko mu ta da bango ko mu sake rufi, kyauta, don Allah. Ni ne sef na magina, wato shugabansu. Muna da dokoki uku, ba mu yi ma wanda ke da babban ɗa namiji mai lafiya, ɗan ƙungiya ba ya kawo ɗan uwanshi, kuma ba mu cin abincin mai gida, garinmu da ƙulinmu muke tafiya da su. Doka ta biyun nan ni na kawo ta da bakina. Bara wani abokinmu Idi ya so a sa gwaggonshi cikin lis ɗin waɗanda za a yi ma aiki, ni na tashi tsaye na yi ta kumfar baki, na ce in ana haka gara a watse, ƙungiya ba gadon gidan kowa ba ce. Har yau Idi sama-sama yake gaishe ni.

Bana ƴan Filinge mazauna Abijan sunka ga hotunan aikinmu, sunka aiko muna da tol, wato kwanon rufi, da sima, wato siminti, da katako na rufin ɗaki shida, sunka ce sharaɗinsu ɗaya, a fita har ƙauyuka kuma a turo musu bidiyon kowane gida. Wanda ke yawo da kaye, wato littafin rubutu, yana rubuta mabuƙata shi ne Mushe Sumaila, malamin lakkwal ne da anka turo muna (Mushe muke ce ma malaman boko), mutumin kirki mai tsoron Allah, amma tashin Yamai ne, tsakiyar birni, bai san kan tsofaffin ƙauye ba. Ni ban ma san ya kai ƙauyen su Inna ba sai ranar taro.

Ranar an riga an cike gida biyar, saura gurbi ɗaya. Mushe ya ce ya samu tsofaffi biyu maƙwabtan juna a ƙauye guda, duka abin tausayi, sai dai a zaɓi ɗaya. Ya ce ta farkon ya tambaye ta ƴaƴanta nawa, ta ce ɗiya biyu mata suna gidan aure, ya ce namiji fa, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta kau da kai ta yi shiru. Shi a tunaninshi ya taɓo mata mutuwa ne, har haƙuri ya ba ta, ya rubuta babu. Ya miƙo salula, wato wayarshi, ana zagayawa da hoto, tana zuwa hannuna na ga ƙyauren da ni na kafa shi da hannuna lokacin ina koyon aiki, na ga randarta, na ga gefen zanenta. Jama'a in gaya muku gaskiya a nan ne ya kamata in yi dariya in ce kai Mushe, alkunya ce, uwata ce, ni ne namijin da ta ƙi faɗi. Da an yi mini tsiya na kwana biyu, Idi ya rama, shi ke nan an wuce wurin. Amma na kalli hoton rufin nan da ya lotsa kamar bayan tsohon jaki, na tuna ni ne sef na magina, na ji ba zan iya bari mutane ashirin su san uwata ce ke kwana ƙarƙashin wannan ba. Sai na miƙa salular ga na kusa da ni.

Ta biyun kuwa Gwaggo Kande ce, na san ta tun ina yaro in an kai ni hutu, ita ke ba ni goriba. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, idonta ma yanzu sai a hankali. Anka ce to sef kai ka san gini, duba muna wanne ya fi hatsari. Na ƙura ma hotunan ido. Na Inna rufi ne, yana zuba amma in an tokare shi da itace zai ƙara damina guda. Na Gwaggo Kande gindin bangon ne ruwa ya zaizaye, duk wanda ya taɓa riƙe felu, wato shebur, ya san wannan shi ke kada ɗaki. Na buɗa baki na ce na farkon. Ba wanda ya yi mini gardama, sun yarda da ni. A raina na ce ai ba komai, na Gwaggo Kande zan dawo ni kaɗai wata Juma'a in ɗaure mata gindin bangon, wannan Juma'ar har yau ba ta zo ba.

Asabar ɗin da za mu je na naɗa rawani na rufe har hanci, na ce ƙura. Muna sauka daga mota mai gari ya tarbe mu, ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba, yana cewa Allah shi yi albarka, haka ake so, haka ake so. Abokaina sun ɗauka don ni ne sef. Abin da ban sani ba, Mushe ya aika cewa mutanen Filinge za su zo gyara, Hadiza ta ji har da ni, sai ita da Inna da duk ƙauyen sunka ɗauka gayya ce na kira, wato na tara abokaina na zo yi ma uwata aiki. Su kuma ba wanda zai ce ga ɗanki nan a gaban Inna, sun san halinta, kuma sun ɗauka waɗanda na zo da su sun fi kowa sani. Haka kowane ɓangare ya yi shiru, ni kuma na haye bisa ɗaki tun safe na ƙi saukowa, ina ɓamɓarar azara ina ba da umarni daga sama.

Kun san dai mai gayya shi ke ciyarwa. Tun da asuba ashe mata ke daka a gidan. Zabin Inna huɗu da take kiwo, waɗanda ƙwansu ne cefanenta duk damina, duka ta sa anka yanka, don kada a ce an zo gayyar wancan an tashi da yunwa. Da azahar anka fara fito da tuwon hatsi da miya da fura cikin ƙwarya, Mushe ya rikice yana cewa a'a a mai da, dokarmu ta hana. Mai gari ya ce mishi malam nan garin ba a yin gayya a wanke hannu a tafi, in kun ƙi ci kun zage ta. Dole munka zauna. Ana cikin ci Hadiza ta zo ta aje mini wani kwano daban mai marfi, ta yi murmushi, na buɗa na ga cinyoyi da ƙundu. Abokai sunka sa mini tsiya, wani ya ce sef tsohuwar nan fa ta ƙyasa, ka shirya lefe, anka bushe da dariya, ni ma na taya su. Haka na cinye naman nan tas.

Kafin la'asar mun buga tol, mun yi yaɓe ciki da waje, mun gyara indararo, ɗaki ya fito tsaf, ba yabon kai ba ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar na ranar ba. Sai maganar bidiyo. Da ma Mushe ke yin bayani, amma ranar ya ce muryarshi ta dishe, sef shi yi. Anka kira Inna ta fito a ɗauke ta, ta ƙi, tana bayan dangar kara ita da matan da sunka yi girki, tsakanina da ita bai fi taku biyar ba, ina jin ƙarar wanke kwanoni da hirarsu. Anka tsai da ni bakin ƙofar, anka ɗaga salula, Mushe na raɗa mini in ambaci dalilin da ya sa anka zaɓe ta don mutanen Abijan su ji. Na sauke rawani na yi sallama na yi godiya, sai na ji bakina na cewa, “Wannan baiwar Allah ba ta da ɗa namiji da zai duba ta, ba ta da kowa sai Allah sai ku da kunka taimaka.”

Ƙarar kwanonin nan ta tsaya. Hadiza na tsaye da ƙwarya a hannu, ta aje ta ƙasa a hankali ta shige bayan danga. Mai gari ya sunkuyar da kai yana zane ƙasa da sandarshi. Abokaina ba su lura da komai ba, sunka ce sef ka iya magana, munka kwashe felu da buruweti, wato baro, munka hau mota. Ban shiga na yi ma Inna sallama ba, ban iya ba.

Washegari Hadiza ta kira ni, kuma tunda take ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ta ce Inna tun da anka ce zan zo take rawar jiki, har sabon zane ta ɗaura wanda ba wanda zai gani, tana ce ma mata ashe dai mutumin can yana sane. Ta ce bayan mun tafi Inna ba ta yi kuka ba, ta dai zauna ta ƙarasa wanke kwanonin ita kaɗai. Ni kuma da yake mai laifi ba ya rasa abin faɗi, sai na hau borin kunya, na ce ai ita ta fara, da ta gaya ma Mushe tana da ɗa da duk haka ba ta faru ba, shekara talatin da takwas tana ɓoye ni yau don na yi sau ɗaya shi ne abin magana. Hadiza ta ce Yaya ka ji tsoron Allah, ita kunyarka take ji don kai ne babba a wurinta, kai kuwa kunyar a san ita ta haife ka ka ji, kada ka ƙara haɗa su. Ta kashe wayar. Na yi ta jin haushinta kwana da kwanaki, haushin kuma don na san gaskiya ta faɗi.

Na so in je, na kasa. Ina ta cewa bari ta huce. Ana haka ruwa ya sauka, a ruwa na biyu mai ƙarfi da anka yi da hantsi bangon Gwaggo Kande ya zauna, daidai inda na gani a hoto. Allah ya kiyaye ta fita ɗaure akuyarta, da yanzu wani labarin nake ba ku, amma gadonta da tukwanenta da ɗan hatsin da ya rage mata duk ƙasa ta rufe. Hadiza ta ce ruwa na tsagaitawa Inna ta je ta kamo hannunta, ta kai ta cikin sabon ɗakin ta zaunar, ta sa anka fitar da nata gadon zuwa rumfar girki. Mutane sunka ce haba, ɗakin ai ya ishe ku ku biyu. Ta ce, “An ce na marar ɗa ne, to ga mai ɗaki nan ta zo.” Daga ranar ba ta ƙara kwana ciki ba.

Yau wata guda da kwanaki ke nan uwata na kwana a rumfa, tsakiyar damina, an ɗaura mata leda ta gefen da iska ke bugowa. Mace ce mai ciwon gwiwa, yanzu kuma ga tari ya kama ta, an kai ta likita an ba ta magani amma mi magani zai yi ma wanda ke kwana cikin sanyi. Hadiza ta yi ma Inna roƙon duniya ta komo gidanta, Inna ta ce ba ta kwana gidan suruki. Gwaggo Kande ita ma kuka take tana cewa a mai da ta kangonta, ba ta san ma mi ya faru ba baiwar Allah, ta ɗauka ita ta takura mata. Mai gari ya sa baki, ta ce ta ji ta gode, ba ta canza ba.

Labari ya iso kunnen Hajiya ta bakin masu zuwa kasuwar Lahadi. Ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa, ta ce amana anka ba ta, ta rene ni ba ta taɓa raba ni da uwata ba, kowace sallah ita ke tura ni gaisuwa, yanzu na ja za a ce ita ta koya mini. Ta ce ko ka tashi gaban abokanka ka gyara maganar da ka ɓata, ko ka daina shigo mini. Matata kuma cewa take in rufa ma kaina asiri, in je in gina ma Inna wani ɗakin da ƙarfina, uwa ce za ta huce, tonon silili ba ya ƙara komai sai dariyar maƙiya. Na ga kamar maganar matata ta fi sauƙi, sai na bi ta.

Juma'ar da ta wuce na nemi tol da katako nawa na kaina, na ɗora a amalanke, na bi bayanta da babur. Na iske Inna zaune bakin rumfa tana tsinke zogale, ta rame, wuyanta duk ya fito. Na yi sallama na durƙusa nesa kaɗan kamar yadda na saba, ina jiran ta juya baya. Ba ta juya ba. Ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta kira sunana, sunan yanka, gaba ɗayanshi, ta ce sannu da zuwa, ya hanya, ya mutanen Filinge, ya aikin taimako. Ta dafa ƙasa ta tashi da gwiwar nan tata, ta shimfiɗa mini tabarma, ta ɗebo ruwa a moɗa ta kawo mini da hannu biyu. Jama'a ni da nake yaro ina kwanciya ina tunanin ranar da Inna za ta kira sunana, ga ranar ta zo, wallahi da ta ɗauki muciya ta rafka mini da ya fi mini sauƙi.

Na fara ba ta haƙuri, ban ma san mi nake faɗi ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce ba komai, ai kun yi aikin lada, Allah shi biya. Na ce ga kaya nan na kawo zan ta da mata wani ɗakin gefen wancan, kwana uku na gama. Ta ce a'a, ƙungiyarku ta riga ta yi ma gidan nan, a kai ma wasu mabuƙatan. Na ce Inna ba na ƙungiya ba ne, nawa ne. Ta ce to Allah shi ƙara buɗi, amma ita ba ta karɓar irin wannan daga hannun mutane. Da na ga zama ba ya yi na tashi, ta rako ni har bakin ƙofar gida, ta ce, “In ka koma ka gai da mahaifiyarka.” Na bar kayan gidan Hadiza, na hau babur, sai da na fita gari na tsaya gindin wani itacen gao na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ƙanen babana ya rasu.

Yanzu ga inda nake. Asabar mai zuwa muna da babban taro, ɗaya daga cikin mutanen Abijan ya zo gida zai halarta. Cikin bidiyo shida wancan na ƙofar Inna ne ya fi yawo, sun ce shi ya fi taɓa musu zuciya, saboda shi ne ma sunka yi alkawarin ƙara kaya baɗi, kuma na ji ana shirin ba ni shugabancin ƙungiyar gaba ɗaya. In na tashi na faɗi gaskiya ba ni kaɗai zan sha kunya ba. Mushe Sumaila ya rantse musu cewa kowane gida sai da ya bincika, za a ce bai iya aikinshi ba alhali ni na bar shi cikin duhu. Idi zai ce a mai da mishi da maganar gwaggonshi kuma yana da gaskiya. Mutanen Abijan na iya janye hannu, tsofaffin da ke jiran baɗi su rasa saboda ni. Aikina ma na gini da amana ake ba da shi, wa zai ƙara yarda da maganar maginin da ya kalli bango zai faɗi ya ce lafiya lau. In kuma na yi shiru, ƙauye guda sun riga sun sani, kowace Lahadi suna cikin kasuwarmu, ranar da zance zai fito daga bakin wani ya fi muni.

Abin da ya fi damuna, ban san ko tonawar ma za ta gyara ba. Inna ba ta ce in yi ba, ba ta aiko kowa ya gaya mini ba, Hajiya da Hadiza ne ke cewa haka. Ina tsoron in tsaya gaban salula in ce wance uwata ce, duniya ta gani, ita kuma macen da ta yi shekara talatin da takwas tana kare wannan magana daga bakinta ta ji na ƙara tsiraita ta. Na yi tunanin in kwashi ƴan ƙungiyar mu koma ƙauyen, in faɗa a bakin ƙofar da na yi waccan maganar, ba bidiyo, tana bayan danga tana ji. Na yi tunanin in fara samun Mushe shi kaɗai. Na yi tunanin in ta da ɗakin Gwaggo Kande tukuna ko Inna za ta yarda ta koma nata, amma Hadiza ta ce ko an yi haka ba ta ga alamar za ta shiga ba. Kullum in hadari ya haɗu ta gabas sai in kasa riƙe ko ma'auni, ina tunanin ledar nan.

Don Allah jama'a in faɗi a taron Asabar ko in bari sai baƙon ya koma? In na faɗi, in aje muƙamin in fita daga ƙungiyar, ko in tsaya in sha abin da za a yi mini? Malamai na cikin gidan nan ku gaya mini yadda ake neman gafarar uwar da ta ce ba komai. Iyaye mata kuma, musamman waɗanda sunka tashi hannun masu alkunya sunka san yadda zuciyarsu take, ku na fi roƙo, mi zan yi Inna ta bar rumfar nan, ta daina kiran sunana, ta koma juya mini baya in na shigo?